Wutar Gidan Hajjo

Dalilin da ya sa a Tungar Jatau muke yaye jinkar gida mu watsar da duwatsun murhu ranar da masu shi suka tashi, ku matso ku ji. Kai Tanimu, bar sosa ƙafar nan, ba da bango nake magana ba!

Yanzu gida bakwai ne mu, amma a da arba'in ne cif. Sai fari ya zo shekara uku a jere, mutane suka riƙa ɗaure kaya suna yin kudu, a bar gida a tsaye da murhunsa.

Akwai wata mata, Tabawa, da mijinta Nomau da 'yarsu Kande. Tabawa ta yi mako a garin iyayenta. Washegarin dawowarta ta tarar murhunta ya mutu, ga hayaƙi yana tashi a gidan maƙwabciyarta Hajjo. Ta ɗauki kasko ta je ɗebo wuta.

Ta yi sallama. Daga cikin ɗaki muryar Hajjo ta amsa: "Ɗebi mana, kaina ke ciwo."

Ta ɗebo, ta dama kunu, ta ajiye wa Nomau da Kande, ta nufi rijiya. Can ta gamu da tsoho Barmo maƙeri, ta ce, "Baba, ashe Hajjo ba lafiya?"

Tsoho ya saki sandarsa. "Wace Hajjo, 'yar nan? Yau kwanansu biyar da tashi. Ni na raka su bakin rafi!"

Wayyo! Tabawa ta yar da tulu ta zuba a guje. Ta iske Kande ta kai ludayi baki, ta doke shi ya faɗi. Amma Nomau ya riga ya shanye nasa.

"Maigida! Maigida!"

Ko waiwaye bai yi ba. Ya miƙe, rana tsaka, ya shige gidan Hajjo. Maza suka bi shi, suka duba ɗaki ɗaki har rumbu. Babu kowa, toka ma sanyi ƙalau.

Da gari ya waye, hayaƙi ya sake tashi a gidan. Sai aka ji muryar Nomau daga ciki, a hankali, kamar kullum: "Tabawa, turo mini Kande ta ɗebi wuta."

Yarinya ta zabura za ta wurin ubanta. Tabawa ta rungume ta tana ihu, har Barmo ya tara mutane. Ranar suka yaye jinkar duk wani kango, suka watsar da murhunsa. Duk da haka tsoro ya kori sauran jama'a, sai gida bakwai suka rage.

Shi ya sa har yau ba ma barin kango da rufi, ba ma kuma karɓar wuta sai mun ga fuskar mai bayarwa. Kanden nan ita ce kakata. Har ta tsufa, in aka kira sunanta daga cikin ɗaki, toshe kunne take yi tana kuka, tana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan zo ba."