Mai Gyaran Salula na Kasuwar Tamaske

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Adar. Ba zan faɗi sunansa ba, don uwarsa na da rai. Yana da rumfar gyaran salula a bakin kasuwar Tamaske, kuma kowa ya shaide shi da iya aiki.

Mazan garin da yawa suna Abijan, wasu suna Libiya. Sukan aiko wa iyali salula don a riƙa jin muryar juna. In ta lalace, wurin mutumin nan ake kai ta. Shi kuwa sai ya kwashe lambobin ɗiyan mutane. Ya rubuta wa yarinya da sunan mace, ya ce shi 'yar lakwal ce, ɗalibar makaranta a Madawa, mai neman ƙawa. Ya yi ta lallashi har ta aiko hoton da bai kamata ba. Ranar nan zai canza murya: ko ta yi abin da ya ce, ko gari duka ya gani.

Cikin waɗanda ya kama har da Zulaiha, ɗiyar Manzo mai kai albasa Abijan. Shekarunta goma sha huɗu. Wata biyu yana tsoratar da ita. Ta bar cin tuwo, ta bar lakwal. Da ya ce ta zo rumfarsa ta ƙi, sai ya aika wa ubanta hoton.

Manzo ya iso gida bai ko sha ruwa ba. Ya ɗauki igiyar raƙumi ya hau ɗiyarsa da bugu har bayanta ya tsage. Uwar Manzo, tsohuwa Dela, ta faɗa a kan yarinyar, igiya ta sami tsohuwar a fuska.

Ta ce, "Manzo, kashe ni tukuna. Ɗiyar ga cutar ta anka yi. Ka tambaye ta wa ya yi mata?"

Bai tambaya ba. Wane uba ne cikinmu yake tambaya kafin ya ɗaga hannu?

Dela ce ta kai jikarta wurin jandarma, da salular a ƙulle a bakin zane. Jandarma sunka bi lambar, ta kai su ga rumfar. Amma labari ya riga su isa kasuwa.

Ranar kasuwa ce, rana tsaka. Mutane sunka jawo mai gyaran waje. Wani ya sauke masa taɓarya a hannu, ƙashi ya fito. Wani ya jefe shi da dutsen awo, idonsa na dama ya fashe. Yana kiran sunayen mutanen da ya yi wa gyara kyauta, ba wanda ya amsa. An riga an zuba wa rumfar fetur sa'ad da jandarma sunka harba bindiga sama, sunka ja shi cikin mota, jini na bin ƙasa.

A na'urarsa an samu hotunan yara goma sha ɗaya, daga Keita har Garhanga. Alƙali ya karanta masa dokar da ƙasa ta yi kan laifin da ake aikatawa ta salula, ya aika da shi kaso, gidan yari, shekaru masu yawa. Matarsa ta kwashe ɗiyanta ta koma Buza. Hannun nan bai ƙara riƙe ko cokali ba. Biyu cikin waɗanda sunka buge shi su ma an ɗaure su, don hukunci ba na kasuwa ba ne.

Ya 'yan uwa, ya zaci ba mai ganinsa bayan gilashin salula. Ya manta da wanda ke ganin baƙar tururuwa a kan baƙin dutse?

Ku lura kuma: sauran yara goma sun yi shiru, don sun fi tsoron iyayensu da tsoron azzalumin. Shirun nan shi ne jarinsa. In ɗiyarka ta zo maka da irin wannan, aje igiya. Kada ka goge saƙon. Kama hannunta ku tafi wurin hukuma, doka na bayanta. Zulaiha ta koma lakwal, amma har yau in ubanta ya shigo gida, tashi take ta koma ɗakin kakarta.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare mana ɗiyanmu, ya sa mu zama iyayen da ake iya gaya wa magana. Amin.