Ranar da Halliru Ya Ɓoye Tsagar Katanga

Akwai wani mai unguwa a Kazaure, Malam Halliru, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa. Ba mugu ba ne, amma ya fi tsoron abin kunya a kan komai.

Wata bazara aka aiko masa cewa wani jami'i zai zo daga Kano ya duba unguwannin da ruwa zai iya yi wa ɓarna, don a gina musu magudana. Unguwar Halliru kuwa a bakin kududdufi take, damshi ya gama cin gindin katangunta.

Halliru ya ji abin kamar zagi. Yaya za a yi baƙo ya ga tsiraicin unguwarsa? Ya sa aka yi shela, kowa ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe tsagar katangarsa, a kafa zana a tare kududdufin, kamar ana shirin biki.

Yayarsa Dela, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ɗakinta ne dab da ruwan. Ta ƙi.

"Halliru, bar shi ya gani. Ɗakin nan motsi yake in an yi ruwa."

"Yaya, ki rufa mini asiri. Na yini ɗaya ne kawai."

Haka aka yaɓe ɗakin nata.

Jami'in, Malam Sama'ilu, ya zo ya zagaya, ya tambaya ko ruwa na shiga gidaje. Halliru ya ce su kam sai godiya. Mutane suka sunkuyar da kai, don ba mai ƙaryata mai unguwa gaban baƙo. Aka gina magudana a unguwar gaba, wadda Halliru ya yi ta yi wa dariya saboda ta nuna ɓarakarta.

Da damina ta yi tsakiya, wata rana bayan azahar ruwa ya gangaro daga duwatsu. Kududdufi ya cika ya batse, sabon yaɓe ya narke kamar gishiri. Ɗakin Dela ne ya fara faɗuwa, tana ciki.

Bayan sadakar uku Halliru ya tafi Kano, idonsa jawur, ya roƙi a dawo a sake dubawa. Aka ce aikin ya riga ya ƙare.

Sama'ilu ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce a hankali, "Malam, abin da ka nuna mini shi na gani."

Darasi: Kada kunya ta sa ka ɓoye matsalar unguwarku ga wanda ya zo dubawa. Ruwa ba ya tambayar mai unguwa kafin ya shigo. Ku tura wa maƙwabtanku wannan labari tun kafin damina ta faɗi.