Ranar da Ladingo Ta Kira Sunan Ɗanta

Ke Dije, wa ya koya miki wannan tambaya? Wai wane ne tauraronki! Tauraronki shi ne tsintsiyar can da kika yar a tsakar gida. Ni ban yi allo ba, ban yi boko ba, amma na yi noma, na aurar da 'ya'ya, ban taɓa ɗaga kai na nemi izinin sama ba. To tunda kun tono, ku matso. Kai kuma cire yatsa daga hanci.

A zamanin da, a wata ƙasa da ba ruwanku da sunanta, an yi wani sarki Alasan. Tagwaye ne shi da ƙanensa Usaini, uwarsu Ladingo ita ce Mai Babban Ɗaki. Kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da ta haifi Alasan sunansa bai taɓa fita bakinta ba, sai dai ta ce wancan, da ya hau gado ta koma cewa mai garin. Usaini kuwa kullum yana bakinta, ta kira shi ta zage shi, su yi dariya.

Sarkin nan ya miƙa wa masu duba taurari zuciyarsa. Babbansu Malam Zarruƙu, mai ilimi ne, kuma ba maƙaryaci ba, abin da lissafinsa ya ba shi shi yake faɗa. Sarki ya kafa doka: ba tsaga, ba ƙaho, ba kaciya, sai malam ya duba sa'ar haihuwar mutum ya ce taurari sun yarda. Wanzamin da ya ƙetare, a sare masa hannu. Mutane suka riƙa mutuwa suna jiran tauraro ya gusa, ana cewa kwana ne ya ƙare.

Ana nan sai tsakuwa ta kama sarki a mafitsara. Da fari ciwon ƙugu ne, sai fitsari ya koma ɗigo-ɗigo da jini, sai ya tsaya cak. Mara ta kumbura kamar tulu. Aka ba shi jiƙe-jiƙe, aka ba shi rubutu. Malam ya sa aka ƙera hatimin zinariya mai siffar zaki aka ɗaura masa a ƙugu, wai zaki zai farfasa tsakuwar. Zaki ya kwanta abinsa. Sarkin da ake faɗuwa a gabansa, ga shi yana rarrafe a ƙasa yana cizon tabarma.

Magajin Aska, babban wanzamin fada, ya taɓa marar ya ce, "Ranka ya daɗe, ina jin ta ƙarƙashin yatsana. A ba ni izini in tsaga in ciro ta."

Malam Zarruƙu ya girgiza kai. "An haifi sarki rana na faɗuwa, a sa'ar jan tauraro, mai ƙarfe da jini. Yanzu kuwa tauraron yana gidan Kunama, gidan da ke mulkin mara. In ƙarfe ya taɓa shi a nan, ajali ne. Sai ya fita, bayan damina."

"Bayan damina?" in ji Magajin Aska. "Allah ya gafarta malam, jibi ma ban ɗaukar masa alkawari ba."

Sarki ya ɗaga kai da kyar ya ce, "Dokata na nan." Daga nan zazzaɓi ya ɗauke masa hankali, ya koma sambatu.

Ladingo na bayan labule tana ji. Kunya ta hana ta shiga ta dafa goshinsa. Ta aika wa Magajin Aska da alkyabba da doki, ya mayar, ya ce hannu ba ya tsirowa. Ta je da ƙafarta gidan malam, tsohuwa da ita ta durƙusa, ta ce ya sake dubawa. Ya sake, har idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Iya, ba ni na aza shi can ba."

Sai ta sa aka kira Waziri Mamuda, dattijon da ya yi wa mijinta waziri kafin ɗanta.

"Waziri, ɗage dokar nan."

"Ranki ya daɗe, wanda ya ɗaura shi ke kwancewa, ga shi kuma bai san inda kansa yake ba."

"To in zauna in ji yana kuka kamar akuyar da aka yanka da wuƙa maras kaifi?"

Waziri ya shafa gemu, sannan ya ce, kamar mai zancen farashin gero, "Abin mamaki dai, ɗan'uwansa da ya biyo baya an haife shi bayan Zara ta fito. Malam ya ce mai wannan sa'a ko yau aka tsaga shi lafiya lau. Ikon Allah, ciki ɗaya, tsakaninsu bai fi a dama fura a sha ba."

Ladingo ta dube shi. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ta daɗe a ƙasa. Duk duniya ba wanda ya rage da ya san wa ya riga wa, sai ita. Kuma ta sani sarai, Alasan ne ya fara zuwa.

"In na ce an musanya su fa?"

"In kin ce haka, gadon sarauta na babba ne, sai a cire wa wannan rawani. Ke kuma a kira ki wadda ta yaudari mijinta da ƙasa. Har ki mutu ba za a daina faɗa ba."

"Zai rayu?"

"Wannan ba a hannun waziri yake ba."

Ta ce, "Tara fada."

Da hantsi fada ta cika. Daga cikin gida ana jiyo nishin sarki. Ladingo ta fito gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Malam, lissafinka daidai ne, sa'ar da aka ba ka ce ba tasa ba. Wanda ya fara fitowa ƙanƙane ya zo, bai yi kuka ba. Na ji tsoron a kai wa ubansu magajin da ba zai kwana ba, na ce a miƙa mai ƙarfin a ce shi ne babba. Wanda ke kwance can, a sa'ar Zara aka haife shi."

Fada ta ɗauki salati. Malam ya ce, "Magana ce babba. A kawo Alƙur'ani ta dafa."

Ta dubi Waziri, don ƙarya daban, rantsuwa daban. Sai Waziri ya miƙe. "Ba a taɓa rantsar da uwar sarki a fadar nan ba, ba kuma za a fara a kaina ba. Akwai shaidar da ta fi sauƙi. Iya, in ba ɗan farinki ba ne, kira shi mu ji."

Ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Sunan da ta riƙe a ciki tun tana yarinya mai jego. Nishin nan ya sake tasowa daga cikin gida, sai ta juya wajen ta kwarma, "Alasan! Alasan, ɗan nan, ka riƙe ranka, ga su nan zuwa!"

Usaini ya zabura ya kama gefen mayafinta. "Inna, me kike faɗa haka? Inna, dube ni!"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kau da kai, yadda uwa ke yi wa ɗan fari. Duk wanda ya ga wannan bai sake neman shaida ba.

Malam ya zana ƙasa ya share, ya ce, "In haka ne, hanya a buɗe take." Kafin ya rufe baki Magajin Aska ya yi ciki da zabirarsa. Ƙarti suka danne majiyyaci, aka ɗaure gwiwoyinsa, aka tsaga ta ƙasa. Ladingo na tsaye bakin ƙofa, ta ƙanƙame ƙyauren har farcenta ya karye. Can sai ta ji ƙwal a cikin tasa. Tsakuwa ce kamar ƙwan zabuwa, mai ƙaya-ƙaya. Bayanta ruwa ya ɓalle. Ku daina dariya, marasa kunya! Wanda bai taɓa rasa fitsari ba bai san ni'ima ce ba.

Ya sha jinya, amma ya tashi. Ya tarar an naɗa Usaini, kuma abin da sabon sarki ya fara yi shi ne soke dokar aska. Aka bar wa Malam Zarruƙu duban watan azumi da lokacin shuka, aka bar wa wanzamai jikin mutane. Iyalan waɗanda suka mutu suna jira suka ce Allah ba azzalumin sarki ba ne, wanda ya ɗaura wa mutane igiya ya ɗanɗana ta.

Alasan ya dogara sanda ya je ɗakin uwarsa, ba rawani, ya ce, "Inna, kin tsiraita ni a gaban duniya."

Ta ce, "Zauna, Alasan. Gara in kira ka ka amsa, da in yi ta jin kunyar kabari."

Sarki Usaini ma ya zo, ya durƙusa bakin ƙofa, don yanzu ba ta zama da shi, ba ta zaginsa, ba sa dariya. Ya ce, "Inna, don Allah, tsakanina da ke, wa ya riga?"

Ba ta dube shi ba. Ta juya wajen kuyangarta ta ce, "Gaya wa mai garin, mace a kan gwiwa ba sama take kallo ba."

Har ta koma ga Allah ba ta ƙara kiran sunansa ba, kuma matan gari ba su daina nuna ta da baki ba.

Me? Wai ko ta yi zunubi? Ke Dije, ni alƙali ce? Ku tashi. Kowa ya zaga bayan gida kafin ya hau min tabarma, wanda ya jiƙa ta shi zai wanke da safe. Maza, a kwanta!