Tsinin Da Ido Ba Ya Gani

Bawale mai tsire bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Ranar kasuwa ya bugi ƙirji, wai zai fiƙe tsinke har ido ya kasa ganin tsininsa. Alhali tsinkayen tsirensa ma matarsa Ladiyo ke fiƙe masa.

Magana ta kai kunnen Hakimi, ya sa aka kira shi.

"Kawo min tsinken ranar Juma'a, ko ka tashi daga tukubarka, in ba wani."

Bawale ya dawo gida yana cewa, "Ladiyo, bakin nan nawa da a ce akuya ce, da tuni na yanka ta."

Ya fiƙe guda tara, duk suka karye. Ranar Juma'a ya ɗauki guntun na ƙarshe ya tafi fada.

Hakimi ya ce, "Kai, wannan ai dungulmi ne!"

"Ranka ya daɗe, nan idonka ya tsaya. Tsinin ya yi gaba."

"Ƙarya kake! Ban ga komai ba."

"Fadawa, ku shaida, bai gani ba. Ai abin da aka ce in kawo ke nan."

"Babu wani tsini a nan!"

Bawale ya miƙa guntun a hankali wajen hancin Hakimi. Hakimi ya yi maza ya kauce, har rawani ya karkace.

"Ranka ya daɗe, in babu, me ka kauce wa?"

Hakimi ya gyara rawani ya ce, "Koma tukubarka, ja'iri."

Bawale ya fito yana taƙama, ya tsaya gyara hula, guntun ya tsokane masa ido.