Akushin Sarki da Cikin Magatakarda

"Me ya ci kafin cikin nasa ya kumbura?"

Tasalla na tankaɗe a tsakar gida ta jiyo wannan tambaya ta bayan katanga. Maƙwabciyarsu ce, Gwaggo Yalwa mai kiwon raguna, take yi wa wata mata da ta kawo mata kukan ragonta ba shi da lafiya. Tasalla ta ajiye rariya, ta kasa kunne. Shekara uku ke nan mijinta na fama da ciwon ciki, masu magani fiye da goma sun duba shi, amma ba ta taɓa jin ko ɗaya ya yi masa tambayar da ake yi saboda rago ba.

Wannan abu ya faru ne a zamanin da, a wani birni mai ganuwa da ƙofofi bakwai, lokacin wani Sarki mai son tsari da ƙin wasa da aiki. Mijin Tasalla, Malam Ilu, shi ne magatakardan Sarkin. Mutumin ƙauye ne, kyawun rubutunsa ya kawo shi fada. Sarki ya so shi ƙwarai, har ya sa shi cikin masu samun akushi. Kowace Litinin da Alhamis da Juma'a jakadiya kan kawo masa abinci daga ɗakin girkin Sarki: finkaso, alkubus, taliya, alkaki, duk na alkama, wadda a lokacin sai gidan sarauta da manyan fatake ke cin ta. Al'adar ƙasar kuwa, akushin Sarki ba a mayar da shi da saura, ba a kuma bai wa wani. Jakadiya na zaune bakin ƙofa sai ta ga an cinye shi tas.

Ana nan sai ciwo ya kama Malam Ilu. Ciki ya kumbura, ya murɗa, ya yi ta ƙugi, sai zawo. Mutum ya rame, rawani ya yi masa nauyi. Sarkin Magani Tanimu, babban mai maganin fada, ya fara cewa dattin ciki ne, ya ba shi jiƙon sabara. Daga baya ya ce basir ne. Wanzami ya yi masa ƙaho, wani ya ce iska ce, aka yi turare har gida ya turnuƙe. Da abin ya ishi Sarkin Magani, sai ya koma yi masa dariya. Abin da ya ƙara ba shi baki kuwa shi ne, duk sa'ad da aka aiki Malam Ilu ƙauyuka da saƙo, sai ya dawo garau da kumatunsa.

Abin ya kai ga wata ranar Juma'a, Sarki na faɗa masa wasiƙa zuwa wani sarki maƙwabci, ciki ya murɗa. Malam Ilu ya daure, ya daure, gumi ya wanke masa fuska, can dai ya yar da alƙalami ya fita a guje, maganar Sarki na baki.

Sarki ya dubi Sarkin Magani ya ce, "Tanimu, mene ne ciwon mutumin nan?"

Sarkin Magani ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na duba idonsa, na duba harshensa, ban ga komai ba. Ciwon da ke warkewa a kan hanya ya tashi a wurin aiki, ai sunansa ƙiwuya. In ba ita ba kuwa, to ɗokin gida ne, don an ce matarsa yarinya ce."

Fadawa suka fashe da dariya. Sarki bai yi ba. Ya ce, "Na ba shi kwana arba'in. Ko a nuna mini ciwon nan da idona, ko in tuɓe rawaninsa ya bar mini gari da sunan maƙaryaci."

Kwana na biyu ne da wannan hukunci Tasalla ta ji tambayar Gwaggo Yalwa. Ita Tasalla mace ce mai kunya, ko a cikin mata ba a cika jin muryarta ba, karatunta kuma bai wuce abin salla ba. Amma akwai ta da lura. Ta samo ƙwallon tsamiya da ƙoƙo biyu ta ɓoye bayan randa. Duk ranar da ciwo ya tayar wa maigida bayan ya ci akushi, ta jefa ƙwallo a ƙoƙon dama. In ya tashi ranar da tuwon dawarta kaɗai ya ci, ta jefa a na hagu. Kafin mako biyu ƙoƙon dama na da shida, na hagu na da ɗaya, shi ma washegarin Juma'a ne. Sai ta tuna cewa a ƙauye ba abin da ake ba baƙo sai fura da tuwon gero.

Wata rana da hantsi, Malam Ilu na kwance a tabarma riƙe da ciki, ta durƙusa gefe ta ce, "Malam, in na yi magana ba za ka yi fushi ba?"

"Faɗi mana."

"Ni dai gani nake kamar akushin nan ne ba ya yi maka."

Malam Ilu ya miƙe zaune kamar an tsikare shi. Ya dubi ƙofa, ya rage murya ya ce, "Ke, rufa mana asiri! Kin san abin da kika faɗa? In wannan magana ta fita, cewa za a yi na ce Sarki na ba ni guba. Ko kuwa a kama masu girki a yanka, bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Gara in tafi da sunan maƙaryaci da in tafi da jinin mutane. Kada in ƙara ji."

Ta ce, "To, Malam."

Ta yi kwana uku tana kallonsa yana tura alkubus da ƙyar, jakadiya na ce masa, "Ci mana, Magatakarda, wasu nema suke ba su samu ba." A na huɗu ta nemi izinin zuwa gaida uwargidan Waziri Barmo, wanda shi ne ya kawo Malam Ilu fada tun farko. Ya ce ta tafi, bai san ta ƙulle ƙoƙuna biyu a gefen mayafi ba.

Ta gaida uwargida, ta zauna tana murza bakin zane har rana ta fara karkata. Sai ga Waziri ya shigo. Ya ce, "A'a, ɗiyata ce? Yaya mai jikin?"

Hawaye suka riga baki amsawa. Waziri ya ja buzu ya zauna daga nesa, ya ce, "Ba sauri nake ba. Fara daga inda kika ga dama."

Ta fara, kanta a ƙasa. Ta faɗi yadda ciwon ke zuwa, da lokacin da yake zuwa, da abin da ke gabansa. Ta kwance ƙoƙunan ta tura gabansa. Waziri bai katse ta ko sau ɗaya ba. Da ta gama sai ya ƙirga ƙwallayen da yatsa, ya ce, "Jakadiya kan ɗanɗana kafin ta miƙa?"

"Takan ɗanɗana, Baba."

"Ta taɓa ciwo?"

"Ko kusa. Ƙiba ma take yi."

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu muna fada muna hasashe, ashe masanin yana bayan randa. Amma mijinki ya yi gaskiya, maganar nan in aka faɗe ta tsirara kawuna za su faɗi. Sai an sa mata riga. Abu ɗaya zan gaya miki: kafin a yarda da shi, sai ya sake shan wuya sau ɗaya a gaban jama'a. Kin yarda?"

Tasalla ta ce, "In daga ita sai sauƙi, na yarda. Amma don Allah, Baba, kada sunana ya fito. Bai san abin da ya kawo ni ba."

Ya ce, "Na ɗauka."

Washegari a fada Waziri ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mutumin da ake tuhuma da ƙarya bai kamata ya ci gaba da cin akushin Sarki ba. A hore shi. A yanke masa shi mako uku, ya koma tuwon dawa da kunun gero irin na talakawa, mu ga yadda zai yi."

Sarkin Magani ya ce, "Madalla da Waziri! Wannan shi ne maganin da na rasa."

Sarki ya yarda. Malam Ilu ya koma gida rai a ɓace, yana cewa ashe har Waziri ya juya masa baya. Tasalla kuwa ta duƙufa ga girki: tuwon dawa miyar kuka, dambu, faten wake, kunun tsamiya. Mako na farko ƙugin ciki ya ragu. Na biyu zawo ya tsaya. A na uku Malam Ilu ya zauna fada tun hantsi har Sarki ya tashi, ya rubuta wasiƙa tara bai motsa ba.

Sarkin Magani ya miƙe yana taƙama ya ce, "Zaki, ka gani? Horo ya warkar da abin da saiwa ta kasa. Dama na faɗa, ƙarya ce."

Waziri ya ce, "Mai yiwuwa ne. Amma gani ya kori ji. Tun da ya warke, a mayar masa da akushinsa yau, a nan gaban Sarki. Kai kuma, Sarkin Magani, ka sa hannu ku ci tare, kwano ɗaya, don ka zama shaida."

Aka kawo finkaso da miyar taushe da alkaki. Sarkin Magani ya naɗe hannun riga ya ci har yana lasar yatsa. Malam Ilu ya ci nasa rabon. Sarki ya hana kowa tashi. Aka yi azahar a nan, aka sake zama. Kafin la'asar fuskar magatakarda ta sauya, gumi ya keto, cikinsa ya soma ƙugi har na bakin ƙofa na ji. Ya dunƙule wuri ɗaya, ya ciji leɓe, ya ƙi tashi don tsoron laifin farko.

Sarki ya sauko daga karaga da kansa, abin da ba a taɓa gani ba, ya ɗora hannu a cikin mutumin, ya ji shi tamau kamar fatar ganga. Ya ce, "Wannan ba a yin sa da gangan. Ku kama shi ku fitar da shi a hankali." Sa'an nan ya juya a fusace ya ce, "A kirawo mini masu girki!"

Waziri ya yi maza ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, dubi Sarkin Magani. Kwano ɗaya suka ci, shi ne ma ya ci rabo babba, ga shi nan zaune daram. Da akwai wani abu a abincin, da shi ya fara faɗuwa. Abincin Sarki tsarkakakke ne, magatakarda kuma mai gaskiya ne. Alkama ce kawai cikinsa ba ya karɓa, kamar yadda wani ke shan nono ya yi ƙiba wani ya sha ya kwanta. Halitta ce, ba laifin kowa ba."

Sarki ya koma ya zauna, ya daɗe yana kallon Sarkin Magani. Ya ce, "Tanimu, cikin shekara ukun nan, sau nawa ka zauna ka bar shi ya gama faɗin abin da ke damunsa?"

Sarkin Magani ya sunkuyar da kai ya ce, "Tuba nake, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Ba zan tuɓe ka ba, don ka san itatuwa. Kunne ne ba ka da shi. Daga gobe har shekara ta zagayo, za ka zauna a ƙofar kasuwa kowace safiya, duk mai ciwon da ya zo ba za ka buɗe baki ba sai ya rufe nasa. Sa'an nan ka je gidan Ilu ka ba shi haƙuri a gaban iyalinsa, tun da har iyalin ka sa a bakinka. Akushinsa kuwa ya ci gaba, amma da shinkafa da dambu da kaza." Ya dubi Waziri ya ce, "Kai kuma wa ya buɗe maka ido?"

Waziri ya ce, "Wani bawan Allah ne mai lura, ya roƙe ni in sakaya shi."

Sarki ya ce, "To, Allah ya san shi. Allah ya saka masa." Fada ta amsa da amin.

Kwana biyu Malam Ilu ya yi a kwance, Tasalla na dama masa kunu tana share hawaye a ɓoye, don ta san da yardarta aka yi. A na uku ya tashi, ciwon kuma bai sake dawowa ba. Gari ya ɗauka da yabon hikimar Waziri, har maroƙa suka sa shi a kirari.

Wata rana da yamma ya dawo daga fada, ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari. Yana wanke hannu ya dube ta ya ce, "Tasalla, ki yafe mini. Abin da kika faɗa mini na kwaɓe ki, shi ne fa Waziri ya gano. Kin ga ikon Allah, ke kina nan cikin gida, shi yana can fada, hankalinku ya zo ɗaya!"

Maganar ta zo mata har baki. Ta dubi mijinta, fuskarsa ta ciko, yana dariya irin wadda ta manta yana da ita. Ta gode wa Allah a zuci, ta yi wa Waziri addu'a, ta ga ba abin da faɗin zai ƙara mata a kan wannan. Nan ta ƙudura cewa ba mai ji daga bakinta, ko shi, ko uwar da ta haife ta.

Ta ja mayafi ta rufe murmushinta, ta ce, "Ikon Allah kuwa, Malam. In ƙaro miya?"