Matar da Ta Koyi Hanya a Kan Katako

Akwai wani mutum, tsohon direban babbar mota, wanda ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida. Da zama ya ishe shi, sai ya ɗauki wani faffaɗan katako ya zana ƙasar da ya sani a kai: garuruwa, duwatsu, tashoshi, da babban kogi a tsakiya. Ya mai da shi wasa domin iyalinsa. Murfin kwalba shi ne mota. Akwai ɗan katako mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa, shi ke nuna taku nawa za a yi. Kafin ka tashi, sai ka faɗi inda za ka canja mota da inda za ka kwana. Shi kuma maigidan ne ke faɗa ko rani ne ko damina.

A wata mararraba hanyar ta rabu biyu. Gajeriyar ta bi ta mashigi, inda motoci ke ratsa kogin in ruwa ya janye. Doguwar ta zagaya ta gada. In damina ce, wanda ya bi gajeriyar sai ya koma farko.

Matarsa ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba, ba ta kuma iya karatu ba. Ga ta da gaggawa. Kullum ta zo mararraba, gajeriyar take bi.

Jikokinta su yi ta tsalle suna cewa, "Kaka ta sake faɗawa ruwa!"

Ita kuwa ta ce, "Ku rufe mini baki! Baban Keziya, don ka ƙuntata mini ka sa kogin nan."

Ya ce, "Ba ni na sa shi ba. A can na same shi."

Ana nan, damina ta yi tsakiya, sai saƙo ya zo daga birnin da ke ƙetaren kogin. 'Yarsu Keziya ta haihu, jiki ya ƙi, ba mai kula da ita, uwarta take kira. 'Ya'yansu maza duk sun tafi aiki nesa, ba mai rakiya. Matar ta zauna tana kuka.

Mijin ya ce, "Tashi ki ɗaura kaya. Kin san hanya."

"A ina na san ta?"

Ya tura mata katakon. "Faɗi."

Ta ɗora yatsa, ta kira garuruwan ɗaya bayan ɗaya, har da inda za ta canja mota da inda za ta kwana. Ba ta yi kuskure ba. Ya yi mata addu'a, ta tafi.

Da ta sauka a mararraba, wani ɗan kamasho ya kama jakarta. "Mama, birni? Shigo nan, ta mashigi za mu bi, saura mutum ɗaya! Waccan motar zagaye za ta yi da ke har ki manta sunanki."

Zuciyarta tana wurin 'yarta. Har ta ɗaga ƙafa za ta shiga, sai ta tsaya.

"Ɗana, yanzu rani ne ko damina?"

"Haba Mama, ruwan ko gwiwa bai kai ba."

"Sakar mini jaka. Na sha faɗawa kogin nan, ya ishe ni."

Ya saki baki yana kallonta. Ta shiga motar doguwar hanya. Da suka hau gada, ta leƙa ta ga ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa. A tashar birni ta ji labari cewa motar mashigi ta kasa ƙetarewa, ta juyo da fasinjojinta, sun koma mararraba.

Ta iske Keziya da rai. Ta yi jinyarta har ta miƙe. Bayan girbi ta dawo gida da 'yar da jaririn, mata suka tarye su da guɗa.

Mijin ya ce, "Yaya hanya?"

Ta ce, "Duk abin da ka zana na same shi. Ciwon baya kawai ka ɓoye mini. Ku kawo katakon."

Ran nan ta cinye su duka, har da shi. Ta ɗaga murfin kwalbarta sama tana rawa, jikoki suna tafi.

Ma'anar wannan misali ita ce: mai zanen shi ne Ubangiji Yesu. Ya riga ya bi hanyar da ƙafarsa, ba labari ya ji ba. Katakon Maganar Allah ce. Kogin kuwa zunubi ne. Ba don a ƙuntata maka aka nuna maka shi ba, yana can ne. Ɗan kamasho shi ne duk muryar da ke ce maka ka yi sauri, ba abin da zai faru.

Yara, kuna zuwa nan coci kowace Lahadi, ana sa ku maimaita aya, kuna kuskure, ana gyara muku, wani lokaci har a yi muku dariya. Kada ku ji haushi. Gara ka faɗa ruwa a nan, gaban malaminka. Rana tana zuwa da za ka tsaya a mararraba kai kaɗai, ba uwa ba uba, ƙafarka ɗaya har ta shiga mota. Ran nan abin da ka koya a kan bencin nan shi ne zai janye ƙafar, ya kai ka gada. Za ka ƙetare, kuma za ka dawo gida da guɗa.