Maɗorin da ya zuba ƙwaya a kunu

An yi wani mutum a nan ƙasar Yauri. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma na gaji da ganin yadda ya koma. Maɗori ne, ɗan maɗori. Daga Shanga har Ngaski, wanda jirgin ruwa ya danne wa ƙafa ko sa ya taka, gidansu ake kai shi. Wasiyya ɗaya ubansa ya bar masa: kada ya taɓa ce wa mai karaya ya tashi alhali ƙashi bai kama ba.

Ana nan sai aka kafa ƙungiyar ƙwallon gora, wadda ake bugawa da sanda mai lanƙwasa. Ƙwallon kuwa tauri gare ta kamar dutse. Aka ɗauke shi yana bin 'yan wasa gari-gari, yana murza jijiya, yana gyara targaɗe. Aka ba shi riga. Suka fara kiransa Likita. Ya 'yan uwa, sunan nan ne ya fara cinsa.

A wurin gasa akwai likitoci da tantinsu a bakin fili. Doka ce, wanda ya ji ciwo a fito da shi su duba, su ce ya koma ko ya zauna. Shi kuwa ya ɗauki wannan raini ne ga gadon gidansu. Sai ya riƙa daka ƙwayar tiramol yana zubawa a jarkar kunun tsamiya, yana ba mai rauni, yana cewa saiwar kakanni ce. Mai ciwo ya sha, ya miƙe, ya ruga. A ce kai, hannun Likita akwai albarka.

Cikin 'yan wasan akwai Maliki, ɗan ƙanwarsa Murjanatu, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda tuƙin jirgi ya ba damtse. Ranar wani babban wasa sanda ta same shi a ƙwauri. Mutumin nan ya shafa wurin. Hannunsa ya gaya masa ƙashi ya tsage, kuma hannun bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Maliki ya ce, “Kawu, ƙafar ga ba ta ɗaukata. A kai ni wurin masu tanti.”

Ya ce, “Masu tanti suka ɗora ka ran da ka faɗo daga giginya? Sha kunu, rago.”

Ya sha, ya koma fili. Ya yi ta gudu a kan ƙashin da ya tsage, har ya ƙarasa karyewa ya huda fata.

Ashe masu gwajin fitsarin 'yan wasa don gano masu shan ƙwaya sun riga sun zaɓi lambarsa a ranar. Suka bi shi har asibiti da kwalbarsu da takardarsu. Suka tambaye shi wane magani ya sha a kwana bakwai da suka wuce. Ya ce babu, sai kunun kawunsa. Haka aka rubuta.

Da sakamako ya fito ya nuna tiramol, aka dakatar da Maliki. Mutumin da ko taba bai taɓa sha ba, gari ya ɗauka ɗan ƙwaya ne. Ƙafa ta warke a gajarce. Yau ko tsayuwa cikin jirgi ya jefa birgin kamun kifi ba ya iyawa.

Murjanatu ta zo zauren maɗorin, ba ta zauna ba. Ta ce, “Yaya, da ba ka sani ba ne da na yafe. Amma ka shafa. Hannunka ya sani.”

 

Yanzu yana nan zaune a ƙofar gida. Karan ɗorin da ya tara, gara ta cinye. Ana wucewa ta gabansa da masu karaya a bayan babur, a yi masa sallama, ba a tsayawa.

Ya 'yan uwa, jikin mutum amana ce. Zafin ciwo ma rahama ce, shi ke ce wa bawa ya tsaya. Wanda ya kashe wa ɗan uwansa wannan gargaɗi don a yabe shi, me ya bari? Ƙarya ya yi, ya ci amana, ya shayar da Musulmi abin maye bai sani ba. Duk don kada a ce wani ya fi shi sani. Na faɗa na sake faɗa, har muryata ta dushe: abin da ya fi ƙarfinka, ka miƙa wa wanda ya iya.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya kiyaye waɗanda suka amince da hannunmu daga sharrin hannunmu. Amin.